Goron Manaja

Shekarar da na fara aiki a Gashuwa, a gidan yayana na sauka, don Iya ta ce ba ta haifi 'yar da za ta kama haya a garin da ɗan'uwanta yake da gida ba. Mu mutanen Nguru ne, can aka binne mana cibiya, can Iya take har yau. Yaya ne ya riga ni tsallakowa Gashuwa, ya zama dillalin shinkafa. Ya ba ni ɗakin da ke kusa da zaure, ya sa aka yi masa sabon daɓe, matarsa ta rataya min labule mai ruwan ganye. Ina son ɗakin nan ƙwarai. Tun da nake ban taɓa samun ƙofar da zan rufe in ce tawa ce ba sai a nan.

Kamfanin da ya ɗauke ni yana sayen shinkafa shanshera, wato wadda ba a cashe ba, daga hannun manoman fadama. A tara ta a babban sito a Nguru, manyan motoci su kwashe zuwa Kano. Aikina shi ne zama gaban kwamfuta ina shigar da bayanai: buhu nawa, daga wane ƙauye, wace mota ta ɗauka. Na sha wuya kafin in samu aikin, kuma ban yi niyyar sakinsa da sauƙi ba.

A cikin duk abin da nake bugawa, abu ɗaya ne sirri na gaske: ƙauyen da za mu je saye, da ranar da za mu je. In dillalai suka sani, sai su riga mu isa, su kwashe shinkafa mai kyau, su bar mana ta ƙasan rumbu, daga baya dole kamfani ya saya a hannunsu. To abin da ya dinga faruwa ke nan. Motarmu za ta tashi da sassafe, direba ma sai ya tayar da inji ake gaya masa inda zai nufa, amma su isa su tarar da sawun babura fal a bakin gari. An yi na farko aka ce sa'a ce. Da abin ya zama kullum, aka ce ruwa ba ya tsami banza.

Hedikwata ta turo mana wani saurayi masanin kwamfuta, siriri mai tabarau, da jaka goye a baya ko zai shiga masallaci. Ya tara mu ya ce kamfani yana fama da yoyon bayanai. Ni dai yoyon da na sani na rufin kwano ne da damina, shi ma kana ɗaga kai ka ga ta inda ruwan ke shigowa. Wannan kuwa ya ce ba a ganinsa. Ya toshe ramukan da ake soka fulash a kowace kwamfuta. Ya ajiye kwando a bakin ƙofa, kowa ya jefa wayarsa kafin ya shiga. Ya kawo wani inji mai yayyanka takarda ta koma kamar taliya, har mai tsiren bakin titi ya aiko yana tambaya ko laifi ya yi mana da aka daina ba shi takardar naɗi. Lambar sirri kuwa sauya ta ake yi kafin ta zauna a ka. Manajanmu dattijo ne ɗan gari, mai kunya da yawan kyauta, ofishinsa kullum ƙanshin danyen goro yake. Shi ya fi kowa shan wahalar lambar nan, sau da yawa sai ya zauna yana kallon kwamfutarsa kamar ta yi masa rashin kunya.

Gaskiya saurayin ya san aikinsa, kuma na ƙaru da shi. Shi ya koya min kada in buɗe saƙon da ban san wanda ya aiko ba, kada in tashi in bar kwamfuta a buɗe, kada in yi zancen ofis a motar haya. Na bi duka sau da ƙafa. Aka gama duk wannan ɗauri, motarmu ta fita wani ƙauye a bakin kogi, ta sake tarar da sawun babura.

Daga nan saurayin ya zauna ya yi lissafinsa. Mutum uku ne suka san ƙauye da rana: Manaja, da mai kula da sito a Nguru, da ni mai bugawa. Mai sito tsoho ne da ko gaisuwa sai ka ja ta daga bakinsa. Manaja kuwa Manaja ne. Saura ni, wadda ke kwana a gidan dillali, ta ci tuwon dillali, da safe dillali ya sauke ta a bakin ofis a kan babur. Ko ni ce a kujerarsu abin da zan ce ke nan, biri ya yi kama da mutum.

Manaja ya kira ni ofishinsa, saurayin yana gefe. Ya daɗe yana juya goro a hannu kafin ya yi magana.

"Malama, ba wanda ya ce ke ce."

"To Yallaɓai, me ya sa ni kaɗai aka kira?"

Ya dubi saurayin, saurayin ya gyara tabarau ya ce ba lallai ne mutum ya faɗi sirri da bakinsa ba. Ana iya buɗe masa waya yana wanka. Ana iya jin hirarsa ta bayan labule. Ana iya gane inda za a je daga irin takalmin da ya sa. Na dubi takalmina, silifas ne da nake sawa kullum. Na ce ni ko ƙauyukan ba na zuwa. Ya ce misali ne kawai.

Ƙarshen maganar dai, hedikwata ta ce ma'aikaciyar da ke riƙe da sirri ba za ta zauna gida ɗaya da mai sana'ar da ke amfana da sirrin ba. Ko in tashi daga gidan Yaya, ko in tashi daga kujerar. Raina ya ɓaci, na tashi na fita, don na san halin bakina in ya buɗe.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar saurayin ta bi ni gida. Na san ban faɗa wa kowa ba. Amma na tabbata ba a ji daga gare ni ba? Na shiga sa wa wayata lamba a kan lamba, alhali babu komai na ofis a cikinta. In Yaya ya ce, "Ya aiki?" sai in tsaya ina auna tambayar kafin in ce lafiya. In ya ce gobe zai fita da wuri, sai in kama zargin kaina. Har na tambayi matarsa ko ina magana a cikin barci. Ta ce ina yi mana, amma duk zancen kifi ne. Ta yi dariya, ni ban yi ba, don na tuna akwai ƙauyen da muke saye da aka san shi da kifi. Haka na zama, ba kaza a aljihuna amma ba na jimirin as.

Ƙarshen mako na hau mota zuwa Nguru in kai wa Iya maganar. Na same ta tana gyaran kuka a tsakar gida. Na yi mata bayani tun daga kwandon waya har zuwa injin taliya, tana saurare tana kaɗa kai.

"To me aka sata?" in ji ta.

"Ba a saci komai ba, Iya. Bayani ne ke fita."

"Ya fita, ya bar wurin da yake?"

"Yana nan a wurinsa."

"Abu yana nan a wurinsa, kuma an ce ya ɓata, kuma ke za ki bar gidan ɗan'uwanki a kansa." Ta kakkaɓe hannu. "Ni wannan aiki naku ya fi ƙarfin kaina. Yayanki ya taɓa tambayarki?"

"Ko sau ɗaya."

"Ke kin taɓa tambayarsa a ina yake ji?"

Na ce ban taɓa ba. Ina zan iya? In na tambaye shi, na zarge shi ke nan. In kuma ya faɗa min, na zama mai ɗauko zancen gida in kai ofis, wato yoyon ya juya ta ɗaya ɓangaren. Iya ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce ai ba yankewa zan yi ba, matsawa zan yi kaɗan. Ta ce haka duk masu yankewa suke cewa.

Na zaɓi aikin. Na samu ɗaki a gidan wata dattijuwa kusa da jami'a, inda ɗalibai mata ke haya, shi ya sa Iya ta haƙura da kyar. Da na gaya wa Yaya, yana wanke babur a ƙofar gida. Bai ɗago ba.

"Su suka ce?"

"Su suka ce, Yaya."

"To. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Na so ya yi faɗa. Na so ya ce wane ne manajan, wane ne yaron mai tabarau. Da ya yi, da na samu abokin fushi. Sai kawai ya nemo a-kori-kura, shi da kansa ya ɗora katifata, ya ɗaure ta da igiyar buhunansa. Matarsa ta cire labulen ta ninke ta ba ni, na ce ta bar shi a wurin. Ta mayar ta rataya, idonta ya kawo ruwa. Na yi baƙin ciki ranar nan, kuma ban san wa zan ɗora wa laifin ba.

Ban daɗe da tashi ba motarmu ta sake fita, ta sake tarar da sawun babura. Na ɗauka zan ji daɗi. Na shiga ofis ina jiran wani ya ce min yi haƙuri. Saurayin ya ce wannan bai wanke kowa ba, tunda akwai waya a duniya. Na ce wayata a kwandonka take yini. Ya ce da yamma fa? A nan na gane ko can garin Kumagannam mai nisa na koma da zama, zargin zai hau mota ya biyo ni.

Sai ya fito da sabuwar dabara. Kada takarda ta ƙara fita daga ofis, ko ta awo. Ni zan riƙa bin motar da ƙaramar kwamfuta, ina shigar da buhunan a take. Haka na fara zuwa ƙauye, ni da na shekara ina buga sunayensu ban taɓa taka ko ɗaya ba.

Fitarmu ta farko wani gari ne gaba da Katuzu, cikin fadama, hanya duk yashi da gonakin barkono sun yi jajir hagu da dama. Manaja yana gaba, ni da saurayin da masu awo muna baya. Ni na buga sunan garin, na rufe da lambar da ko Manaja bai riƙe ba. Direba sai da muka bar kwalta aka gaya masa.

Muna shiga na ga an share ƙofar gidan bulama, wato mai garin, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tsamiya. Manoma suna zaune a jere, babu wanda ya tafi gona. Bulama ya taso da fara'a yana cewa, "Wushe, wushe, lale da manyan baƙi." Aka shigar da ni cikin gida wurin mata. Uwargidan bulama ta ajiye min akushin burabusko da miyar bandar kifi, ga kaza a gefe, ga fura an dama. Na dubi abincin nan. Duk macen da ta taɓa surfe ta san ba girkin da ake yi don an hango ƙurar mota ba ne.

Na ce, "Iya, kun sha hidima. Kamar kun san muna tafe."

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa. "Yo 'yar nan, tun shekaranjiya da goronku ya iso muke kai. Na aika kasuwa aka sayo kifi, jiya kuma mai shela ya zaga ya ce kowa ya zauna gida, baƙin shinkafa na tafe."

"Wane goro?"

"Na manajanku mana. Mutumin kirki, bai taɓa shigo mana gari ba sallama ba."

Na riƙe lomar a hannu na kasa kai ta baki. Goron nan na san shi. Kowa a ofis ya san shi. Masinja kan ɗaure ƙullinsa a bayan babur ya fita, mu ce Manaja ya aika gaisuwa, wani lokaci har mu roƙi ɗaya mu ɓantara. Yana wucewa ta gefen kwandon waya, mai gadi ya buɗe masa ƙofa ya ce a dawo lafiya. Ba takarda a ciki, ba rana, ba komai. Masinja cewa kawai yake yi ana gaishe da bulama. Bulama kuwa ya daɗe da sanin in goro ya zo yau, mai goron yana tafe jibi.

Da na fito zan fara aiki, na hango dillalai a ɗaya gefen tsamiyar, su ma an ba su nasu akushin, don bulama ba ya ware baƙo. Baburansu na jingine, buhunansu an riga an ɗinke baki. Yaya yana cikinsu, ya naɗe hannun riga yana cin burabuskon da aka dafa dominmu. Ya ɗago muka haɗa ido. Ya ɗaga min hannun hagu, ya ci gaba da cin abincinsa.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri. Na ce, "Yallaɓai, goron nan ne."

Manaja ya juyo. "Wane goro?"

Na faɗi abin da uwargidan bulama ta gaya min. Ya ce, "Haba Malama. Goro ai gaisuwa ce, ba bayanin kamfani ba. Ni ban taɓa faɗa wa kowa rana ba. So kike in faɗa garin mutum da mota kamar mai kamen haraji?"

Ba ƙarya yake ba, har zuciyarsa bai ga haɗin ba. Saurayin kuwa ya ciro tabarau ya goge, ya tambaye ni ta wace na'ura saƙon ya fita. Na ce ta babur. Ya ce ai shi an turo shi ne ya tsare na'urori, babur ba ya cikin aikinsa. Masu awo suka ƙunshe dariya. Ni ban san dariya zan yi ko kuka ba, na bar ɗakina saboda ƙullin goro.

An dai gwada zuwa ba goro. Muka dira wani gari ba sanarwa, muka tarar maza duk suna fadama, rumbuna a rufe, bulama ya fito ya gaishe mu a tsaye, ko tabarma bai sa an kawo ba. Dillalai ba su riga mu ba, gaskiya ne, amma ko tiya ɗaya ba mu auna ba. Muka dawo da mota wayam. Daga nan goro ya ci gaba da fita, kwandon waya ya ci gaba da zama a bakin ƙofa, saurayin ya koma Kano. Hedikwata ta haƙura ta ce a riƙa ware rana guda a sayi abin da dillalai suka tara, ita ma ranar a ɓoye ta don kada su haɗa baki su tsauwala farashi. Har yau ban san ko an toshe yoyon ba, ko kuwa tun farko ba yoyo ba ne, ƙofa ce da ba yadda za a yi a rufe ta. Manaja dai ya kira ni ya ce, kansa a ƙasa, in ina so in koma gidan ɗan'uwana ba mai hana ni.

Ran Juma'a da la'asar na tafi. Na tarar da Yaya a zaure yana shan shayi. Muka gaisa, na zauna a bakin tabarma.

"Yaya, ka san goron ne tun farko."

"Kowane dillali a Gashuwa ya sani."

"Ka ga ana zargina, ka ga na kwashe kaya, ba ka ce min komai ba."

Ya ajiye kofin. "Da na faɗa miki, ina za ki kai?"

"Ofis."

"To kin gani. Ba ni kaɗai ke ci da goron nan ba, akwai mutane da iyalansu. Amanar abokan sana'a ce a wuyana. Ke kina tsare taki, ko a fuska ban taɓa ganin inda za ku ba, har ina alfahari da ke a kasuwa. Ni kuma in watsar da tawa?" Ya ɗauki kofin ya kurɓa. "Ranar da na ɗaure katifar nan, ban ci abinci ba. Tambayi matata."

Na zo da fushina a shirye, na rasa inda zan sauke shi. Na ce Manaja ya ce ina iya dawowa. Yaya ya sosa ƙeya, ya tashi ya ce in zo in gani. Ya ɗaga labulen mai ruwan ganye ya tura ƙofar. Buhunan shanshera ne tun daga sabon daɓen har rufi, ko wurin sa ƙafa babu. Na gane wasu daga ciki, na garin bulaman nan ne.

"Na ga ɗakin ba kowa," ya ce. "Da kamfaninku ya saye su, sai a share ki dawo. Ko gobe ne."

Ba gobe ba ne, ba kuma cikin watan ba. Na san ranar da kamfani zai sayi kayan dillalai, don ni na buga ta da hannuna a safiyar nan, kuma tana da nisa. Da zan faɗa masa, da ya nemi wani mai saye ya kwashe su cikin mako, in dawo ɗakina. Tun da na fara aikin nan ban taɓa jin sha'awar faɗin sirri ba sai a bakin ƙofar nan. Ya dube ni, na san ya gane na sani. Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Ya ja ƙofar ya sake labulen. Matarsa ta zuba min tuwo a kula, shi kuma ya tayar da babur ya mayar da ni gidan haya.